Sa Ba Ya Ɗaure Hannu

Briqueterie, Yaoundé,
Lahadi, 14 ga Satumba.

Zuwa ga Yayata Safiyatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta zumunci, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da duk wanda ke cin tuwon gidanku a Zariya. Yaya ƙafar taki? Ina fatan kina shafa man da Fanta ta aika miki, ba ki rabar da shi ga maƙwabta kamar yadda kika saba ba. Yaya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan ɗanki Shamsuddin, ya yalwata masa makwancinsa, ya sanyaya miki zuciya. Mu nan muna lafiya gwargwado. Fanta na fama da hawan jininta, amma tana tashi tana zama. Mu'mina ta ci jarrabawarta, yanzu ba ta da magana sai ta jami'a. Nuriyya, matar marigayi, tana takabarta a ɗakin da ke kusa da namu, cikin ya shiga wata na bakwai, kuma ungozoma ta ce komai na tafiya daidai. Damina ta kankama, kwatar bayan gida ta sake cika, jar ƙasar nan da kika sani ta hana kowa sa fararen kaya.

Yaya, na san za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni, alhali ga waya a hannun kowa. Sau uku ina danna lambarki ina kashewa. Saƙon murya kuwa ba shi da sirri, kafin ki gama saurara ya zaga gida bakwai. Don haka na rubuta, na ba direban da ke kawo goro, na ce hannu da hannu. Ki samu wuri ki zauna, ki karanta da kanki, kada ki ba Jiddah ta karanta miki. Maganar doguwa ce, kuma ba mai daɗi ba ce.

Kin tuna ranar da na gaya wa Baba zan shiga ɗan sanda? Yana kan kekensa na ɗinki, bai ko ɗaga kai ba, ya ce shi dai a saninsa ɗan Birik, wato unguwarmu ta Briqueterie, da allura aka san shi, ko wuƙar fawa, ko ma'auni, amma bai taɓa ganin wanda ya ɗauki kulki ya gama da mutane lafiya ba. Shekara ashirin da tara ke nan ina jiran ranar da zan ƙaryata shi, ga shi har na kusa ajiye kakin ban samu ba. A ofis ni Bahaushe ne, ba a tuna ni sai an kamo wanda ba ya jin Faransanci ana neman tafinta. A unguwa kuwa ni ɗan sanda ne. In na doso majalisar teloli sai hira ta mutu, a koma tambayata ya aiki, ya iyali, har sai na wuce. Suna kirana Komise, wato kwamishinan 'yan sanda, don zolaya, su ma sun san ban taɓa taka wannan matsayi ba, kuma ba zan taka ba.

Ba abin da ido bai gani ba a wannan aiki. Na yi shekara shida a Bertoua muna bin 'yan tare hanya a daji, har yau harsashinsu guda na cikin cinyata, shi ke fara sanar da ni za a yi ruwa. A Douala na ga an ƙone mutum da taya saboda wayar hannu, daga baya aka tsinci wayar a aljihun mai ita. Na ga ɗan da ya sayar da gidan ubansa uban na kwance a ciki yana jinya. Duk waɗannan na kawo su gida a cikin kaina, na zuba wa Fanta shiru da faɗa, ita kuwa ta haɗiye. Ranar da aka haifi Mu'mina ina kan hanyar Garoua da fursuna a hannu, sai ranar suna na ga fuskarta. A Bertoua ɗin nan na yi wani maigida, tsoho, mutumin kudu, wanda ya koya mini abu guda da na riƙe tamkar karatun allo. Ya ce in ka je kan gawa kada ka fara da fuska, fuska tausayi za ta ba ka, ka fara da hannu. Na koya wa yara da yawa wannan magana bayansa, har ina yi musu tsawa in sun manta.

Abu ɗaya ne ya sa Birik ta taɓa ce mini namu, kin kuma san shi. Mutanen nan na kudu sukan ajiye mamacinsu a ɗakin sanyi wata guda, har biyu, sai dangi sun taru an yi shiri. Ba su gane dalilin da ya sa mu muke rawar jiki mu rufe namu kafin rana ta faɗi ba. To in Musulmi ya mutu a hatsari ko farat ɗaya, aka kai shi asibiti, sai takardu, sai likita ya duba, sai wane ya sa hannu, kwana uku ba a gama ba. Ni na san ƙofar da ake bugawa, na san wanda ake yi wa magana a hankali da wanda ake nuna wa katin ɗan sanda. Gawar da na fitar a shekarun nan ta wuce ɗari, ban taɓa karɓar ko ruwan sha a kai ba. A ranar ne kawai dattawa ke riƙe hannuna da hannu biyu. Ba zan ɓoye miki ba, ina jin daɗin hakan, ina ganin ko ba komai na samu abin da zan nuna wa Baba in mun haɗu.

Yanzu ga maganar. Ranar Alhamis ɗin da Shamsuddin ya rasu, wajen ƙarfe sha ɗaya, Alhaji Babba ya kira ni. Kin san shi, dillalin shanun nan na Etoudi wanda Shamsuddin ke aiki a ƙarƙashinsa shekara biyar, Alhajin nan da ubansa da Baba suka yi zaman sahu ɗaya a masallaci. Ya ce wani sa ya ɓalle a kara, ya tunkuyi yaron, ya tattake shi, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Na iske shi a can, babbar rigarsa duk jini, yana kuka kamar shi ya haife shi. An naɗe Shamsuddin da bargo har wuya. Na buɗe fuskar, na ga ɗan da kika bar mini yana da shekara tara, wanda na yi wa kaciya, na yi wa aure. Ban ƙara ganin komai ba. Wata likita, yarinya ce ƙarama, ta ja ni gefe ta ce tana so a bar mata shi zuwa gobe, akwai abin da bai kwanta mata ba. Yaya, na yi mata wankin babban bargo da Faransanci a gaban ma'aikatanta. Na ce mu ba ma ajiye mamaci kamar kifi, na fiddo katina, na sa hannu a madadin dangi cewa ba ma son a taɓa shi. Kafin la'asar mun rufe shi, ni na fara zuba ƙasa. Daga maƙabarta na kira ki na ce alhamdu lillahi bai kwana ba, kika ce Allah ya yi mini albarka.

Alhaji Babba shi ya sayi likkafani, shi ya kafa rumfa, shi ya ciyar da masu zaman makoki kwana uku. Kowa na cewa irin wannan maigida sai an tona. Ni ma na faɗa, har na rako shi bakin mota ina yi masa godiya.

Washegarin sadakar arba'in, da hantsi, sai ga Malam Nata'ala a zaurena. Tsohon nan ne mai wankan gawar maza, wanda ya wanke Baba, ya wanke mijinki na fari. Fanta ta aiko masa da shayi, har ya huce bai taɓa ba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce shekara arba'in da ɗaya yana wannan aiki, bai taɓa faɗa wa ko matarsa abin da ya gani a jikin mamaci ba, domin amana ce, mai wanka kabari ne shi ma. Amma kwana arba'in ke nan tuwo ba ya wuce masa maƙogwaro. Ya ce a rayuwarsa ya wanke mutum shida da sa ya kashe, ya san ramin ƙaho, ya san sawun kofato. A jikin Shamsuddin babu ko ɗaya. Abin da ya gani shi ne shatar sanda a gadon baya, layi a kan layi, da ƙeya a fashe, da wuyan hannu biyu duk igiya ta ci su har nama. Ya dube ni ya ce, shi bai yi boko ba, bai san aikinmu ba, amma ya san sa ba ya ɗaure hannu. Da ya tashi tafiya ya ce in yafe masa jinkirin, ya ɗauka tunda ni na kawo gawar, na riga na gani.

Ban gani ba, Yaya. Hannun na nan ƙarƙashin bargo, tsakanina da shi bai kai taki ɗaya ba. Ni da na shekara ashirin ina yi wa yara tsawa su fara da hannu, ranar da aka zo kan nawa sai na fara da fuska. An ce sauri ya haifi nawa, ni nawa saurin abin da ya haifa ya fi nawa muni.

Na cire kaki na je Etoudi sau uku. 'Yan uwanmu na kara kowa ya ce ranar yana wajen mahauta, ko ya je banki, ko bai fito ba. Ka rantse kasuwar ba kowa ranar sai shanu. Wadda ta buɗe baki wata mai sayar da abinci ce, 'yar kudu, wadda Shamsuddin ke cin wake a wurinta kullum. Ta ce saniya guda ta ɓace a garken Alhaji, aka ce Shamsuddin ne ya karkatar da ita. Tun da safe Alhaji ya sa mutum biyu suka ɗaure shi a turken da ke bayan shinge, suna dukansa da sandar kiwo wai sai ya faɗi inda ya kai ta, shi kuwa Alhaji na zaune a kujera yana amsa waya. Ta ce tana jin yaron yana rantsuwa har muryar ta daina fita. Saniyar kuwa da yamma aka gan ta, ta bi garken wani Bafulatani ta shige, tana tsaye tana tuƙa. Matar ta ce ba za ta maimaita wannan magana ba sai in kotu ce ta kira ta, domin a bakin karar take neman abincin 'ya'yanta. Ban ga laifinta ba, ta ma fi mazan unguwarmu.

Na sami Alhaji Babba a ƙofar gidansa a Tsinga. Ban ɗaga murya ba, na gaya masa abin da na ji. Bai musa ba, bai kuma amsa ba. Ya gyara hularsa, ya ce Komise, ai kai ka sa hannu, kai ka kori likita, shi iyakarsa ya kawo gawa. Sannan ya tambaye ni ko buhun shinkafar da ya aika wa Nuriyya ya iso. Na yi shekaru ina zama da ɓarayi da 'yan fashi a ɗaki ɗaya, ba wanda ya taɓa ba ni tsoro sai wannan mutum. Kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne gaskiya ya faɗa. Ba don ni kawun yaron ne ya kira ni ba, don ya san aikina ne. Ya san in ana son gawa ta shiga ƙasa ba a duba ta ba, a duk Yaoundé ba wanda ya kai ni.

Na kai magana wurin mai gabatar da ƙara. Ya saurare ni, ya ce ba zai aika a tone kabari a maƙabartar Musulmi a kan maganar mutumin da shi da kansa ya rubuta cewa dangi ba sa son bincike ba. Sai in uwa ta shigar da ƙara da hannunta, tunda uba ya rasu. Na koma wurin likitar nan na ba ta haƙuri, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ba ta rama ba. Ta ce shatar igiya ta riga ta tafi, amma ƙashi na nan, kuma karayar da sanda ke yi daban take da ta ƙaho, za ta iya bambancewa. Sai dai ta ce kada a ja lokaci da wannan ruwa da ake yi.

Kafin in dawo gida labari ya riga ni. Ranar Juma'a bayan an sauko, dattawa biyar suka zo zaurena. Suka ce wanda ya tafi ya tafi, kwanansa ne ya ƙare, tone shi ba zai dawo da shi ba sai dai a tozarta shi a gaban waɗanda ba sa salla. Suka ce Alhaji ya yi kuskure, za su sa shi ya riƙe Nuriyya da abin da za ta haifa har ya girma, a rufa wa juna asiri. Sannan babbansu ya faɗi wadda ta tsaya mini a rai. Ya ce in aka tone Shamsuddin aka ga abin da aka gani, daga ranar ba asibitin da zai sake sakin gawar Bahaushe da wuri, kowane mamacinmu sai ya kwana uku a ɗakin sanyi an yanka shi, kuma ni na jawo. Wannan ba ƙarya ba ce, Yaya, haka za a yi, na fi su sani. Na tambaye su, to in an bar ta, wa zai hana gobe a sake ɗaure ɗan wani a kira ni in fitar? Sai suka shafa fatiha suka tashi. Na je wurin wani malami da na yarda da shi, ya ce shari'a ba ta hana a buɗe kabari in akwai haƙƙin da ba zai fito ba sai da hakan, amma ya roƙe ni kada in ambaci sunansa.

Tun daga ranar na koma baƙo a unguwar da aka binne cibiyata. A masallaci in na tsaya, sai na ga an bar tazara tsakanin kafaɗata da ta kusa da ni. Telan da ke yi wa Fanta ɗinki shekara goma ya dawo mata da atamfarta ba a yanka ba, wai aiki ya yi masa yawa. Malam Nata'ala kuwa an fara cewa ya tsufa, ya ruɗe, an samo wani yana koyon wanka. A ofis ma ba sauƙi. Saura wata takwas in yi ritaya, kuma in aka buɗe wannan fayil, takarda ta farko a ciki mai ɗauke da sa hannuna ce. Za a zaunar da ni a tambaye ni dalilin da ya sa na yi amfani da kaki na hana likita aikinta, ƙila in fita ba da muƙamin da nake da shi yanzu ba. Fanta ta yi kuka, ta ce shekara ashirin da tara tana jiran ranar da zan dawo gida in zauna kamar kowa. Da ta share hawaye sai ta ce, amma in Mu'mina ce aka ɗaure fa? 

Nuriyya ba ta sani ba tukuna, muna tsoron cikin. Duk ranar da aka dafa shinkafar nan sai ta ɗaga hannu ta yi wa Alhaji Babba addu'a, Allah ya ƙara masa buɗi, ya raya masa zuri'a. Ni kuwa sai in ce cikina ba daɗi, in tashi in fita. Ban san ranar da zan iya kallon abin da za ta haifa in gaya masa sa ne ya kashe ubansa ba.

Ga takardar ƙarar nan na haɗo miki a cikin ambulan. Da Faransanci take, amma ba abin da ke ciki sai abin da na gaya miki. Inda na yi alama da fensir nan za ki sa hannu, ki ba direban in zai juyo ranar Laraba ta sama. Ba zan tilasta miki ba. Ke kika ɗauki cikinsa, ke za a ce ta sa an tone ɗanta, kuma na san bakin mutanenmu, zai bi ki har Zariya. Ki yi shawara da Malam, ki yi istihara. In kin ce a bar shi ya huta, wallahi ba zan sake tayar da maganar ba, zan haɗiye ta kamar yadda Fanta ta haɗiye nawa. In kuwa kin sa hannu, ba zan bar wani baƙo ya taɓa kabarin ba. Ni na fara zuba ƙasar, ni zan fara kwashe ta, kuma wannan karon zan duba hannun.

Ki gaishe mini da Malam da kyau, ki ce ina neman addu'arsa. Ki gaida Jiddah da maigidanta, da Najib in ya zo hutu, da Inna Mairo in tana gane mutane. Fanta na gaishe ki, Mu'mina na gaishe ki, Nuriyya ta ce in gaya miki in namiji ne sunan ubansa za a mayar. Allah ya ba mu ikon yin abin da ya fi, ya sa mu gama da duniya lafiya.

Abu na ƙarshe, Yaya. Albarkar nan da kika sa mini a waya ranar da na kira ki daga maƙabarta, ki mayar da ita wurinki ki ajiye tukuna. Ban ci ta ba.

Ƙaninki,
Abdulgaffar Mohaman.